Booker T. Washington: Mutumin da Tsintsiya ta Buɗe wa Ƙofar Makaranta

An haifi Booker T. Washington a cikin bauta a shekarar 1856, a wata gona a jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka. Kada mu rikita shi da George Washington, shugaban Amurka na farko, ba su haɗa kome ba sai suna. Mahaifiyarsa Jane ita ce mai dafa abinci a gidan ubangijinsu. Mahaifinsa wani Bature ne wanda bai taɓa waiwayarsa ba. Ɗakin da ya tashi a ciki na katako ne, daɓen ƙasa, a kan tsummoki suke kwana. Makaranta kuwa iyakarsa bakin ƙofa, in ya ɗauko wa 'yar ubangijinsa littattafai.

Yana da shekara 9 aka gama yaƙin basasa, a 1865, aka 'yanta bayi. Suka koma garin Malden a Birjiniya ta Yamma, inda mijin mahaifiyarsa yake aiki a wurin dafa gishiri. Tun da asuba ake tayar da yaron zuwa aiki. Abu na farko da ya iya karantawa shi ne lamba 18, domin ita ake rubutawa a jikin gangunan gishirin mijin uwarsa. Daga baya aka sa shi cikin ramin haƙar kwal. A can cikin duhu ya ji waɗansu ma'aikata biyu suna hirar wata makaranta mai suna Hampton, wadda ke karɓar baƙar fata, har matalauci ya iya biyan kuɗin abincinsa da aikin hannu.

Kafin ya kai can, sai da ya yi aikin gida a wurin wata mata, Viola Ruffner, a kan dala 5 a wata. Yara da yawa sun gudu daga gidanta saboda tsananinta. Booker ya zauna, ya lura da abin da take so: a zo a kan lokaci, a faɗi gaskiya, a ajiye kowane abu a mazauninsa, kada a bar ko 'yar takarda a tsakar gida. Ya ɗauki abin da ya koya a gidan nan daidai da kowane karatu da ya yi daga baya.

A 1872 ya kama hanyar Hampton, tafiyar kusan mil 500. Kuɗinsa suka ƙare a birnin Richmond, ya riƙa kwana a ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa wa masu tafiya a gefen titi, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa. Ya isa makaranta da rabin dala a aljihu, ga dauɗa, ga yunwa. Babbar malama, Mary Mackie, ta dube shi ba ta ce ta karɓe shi ba, ba ta kuma kore shi ba. Can an jima ta miƙa masa tsintsiya ta ce ya share ajin da ke kusa. Ya share sau uku, ya ɗauki tsumma ya goge benci da tebur da katakon bango sau huɗu, ya janye kowane kaya ya share ƙarƙashinsa. Malamar ta zo ta bi lungu-lungu da hankicinta, ba ta sami ƙura ba. Jarrabawar shigarsa ke nan. Aka ba shi aikin shara da hura wuta, da shi ya biya yawancin kuɗin zamansa har ya gama a 1875.

Mu da muke duba ɗakunan kwana ran Asabar mun san yadda waɗansu ke shara: tsakiyar ɗaki fes, bayan akwati kuwa sai a yi shuka. Da irin wannan hannu Booker ya share ajin nan, da ba mu taɓa jin sunansa ba.

A Hampton ya fara ganin gado mai zane biyu. Daren farko ya kwanta ƙarƙashinsu duka, dare na biyu a kansu duka, sai da ya kalli 'yan'uwansa ya gane tsakaninsu ake shiga. A nan ya koyi wanka kullum, da cin abinci a kan lokaci. Wata malama, Nathalie Lord, ta sa masa ƙaunar Littafi Mai Tsarki, ya mai da karanta shi da safe al'adarsa.

A 1881 mutanen garin Tuskegee a jihar Alabama suka nemi a aiko musu da wanda zai buɗe makarantar horar da malamai. Shugaban Hampton, Janar Armstrong, ɗan masu aikin mishan ne, ya ba da sunan Booker, yana da shekara 25. Ya iso ya tarar gwamnati ta ware dala 2,000 a shekara don albashi kaɗai, babu fili, babu gini. Kafin ya buɗe aji sai ya yi kusan wata guda yana zaga ƙauyuka da keken alfadari, yana kwana a gidajen manoma don ya ga yadda suke zama. Abin da ya gani shi ya tsara masa dukan koyarwarsa. An shuka auduga har bakin ƙofa, ba a bar wurin ko ɗan lambu ba, abinci kuma sai an ciwo bashi a kanti da tsada. A gidaje da yawa akwai keken ɗinki na dala 60 wanda ba mai taka shi, da agogon bango na dala 12 ko 14 wanda ba ya ba da lokaci daidai. A wani gida suka zauna cin abinci su biyar da cokali mai yatsu guda ɗaya, alhali a kusurwar ɗakin ga akwatin kiɗa irin na majami'a, ana biyan kuɗinsa dala 60 wata-wata.

Bai yi musu dariya ba. Ya san mutanen da aka hana su mallakar kome shekara da shekaru, in sun sami dama, abin nunawa za su fara so. Amma ya ga bashin nan wata igiya ce sabuwa a wuyansu. Saboda haka shawararsa ba ta da tsawo: ka noma abin da za ka ci kafin abin da za ka sayar, ka ajiye kaji da alade ko saniya, ka guji sayen abin ado da bashi, ka tara kaɗan-kaɗan ka sayi fili naka, ka ƙara ɗaki a gidanka don iyali su daina cunkushewa wuri ɗaya. Daga 1892 ya riƙa tara manoma kowace shekara a makarantar, kowa ya faɗi abin da ya gyara a gidansa.

An buɗe makarantar ran 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30, a wata tsohuwar rumfa kusa da majami'a. In ana ruwa wani ɗalibi ne ke riƙe masa laima yana koyarwa. Ya ranto dala 250 ya ba da kafin alƙalami na wata tsohuwar gona mai eka 100, suka gyara bargar dawaki da akurkin kaji suka mai da su azuzuwa. Ɗalibai suka yi gunaguni, su karatu suka zo, sun gaji da aikin gona tun zamanin bauta. Bai tsaya dogon wa'azi ba, ya saɓi gatari ya shige gaba, kunya ta sa suka bi shi.

Sai maganar tubali. Suka yi wajen 25,000 suka ƙona, suka lalace. Na biyu haka, na uku ma ya rushe da tsakar dare. Kuɗi suka ƙare, malamai suka ce a haƙura. Ya ɗauki agogonsa ya kai jingina a birnin Montgomery a kan dala 15, suka sake gwadawa, wannan karon ya yi. Agogon dai bai dawo hannunsa ba, amma yawancin gine-ginen makarantar da tubalin ɗalibai aka yi su, har Turawan garin suka riƙa zuwa saye.

Dokarsa a kan burushin goge baki ta yi suna. Ba a barin ɗalibi ya zauna in ba shi da nasa. Wata rana ana duba ɗakuna aka sami 'yan mata uku sababbin zuwa sun haɗa kuɗi sun sayi guda ɗaya suna ta murna. A ganinsa, ranar da ɗalibi ya sayi sabon burushi da kansa don tsohon ya ƙare, ba wanda ya tilasta shi, ran nan tarbiyya ta fara kama shi. Irin waɗannan abubuwa yake yi wa ɗalibai magana a kansu kowace Lahadi da yamma a ɗakin sujada: maɓallin riga, biyan bashi, cika alkawari, rubuta wa iyaye wasiƙa.

Akwai inda aka yi masa suka, kuma sukar tana da tushe. A jawabinsa na Atlanta a 1895 ya shawarci baƙar fata su sa ƙarfinsu ga sana'a da mallakar dukiya, su jinkirta neman daidaito da Turawa. Turawan kudu suka yi ta tafi. W. E. B. Du Bois ya ƙalubalance shi a 1903, a kan cewa mutumin da ba shi da ƙuri'a ba zai iya kare gonar da ya saya ba. A wannan mun ga Du Bois ya fi shi gaskiya, domin a 1901 jihar Alabama kanta ta yi dokar da ta hana yawancin baƙar fata zaɓe, masu tsabta da marasa tsabta duka. Bayan mutuwarsa, da aka bincika takardunsa, aka gano yana ba da kuɗi a ɓoye don a kai ƙarar irin waɗannan dokoki a kotu. Yana zaune ne a inda kalma ɗaya za ta iya sa a ƙone makarantarsa.

Abu guda da bai koya wa kansa ba shi ne hutu. Ya binne mata biyu, a 1884 da 1889, bai sassauta yawon neman taimako wa makaranta ba. A 1915 ciwo ya kayar da shi a birnin New York. Ya nace a mai da shi gida, aka sa shi a jirgin ƙasa, ya rasu a Tuskegee ran 14 ga Nuwamba, yana da shekara 59. Ya bar gine-gine fiye da 100 da ɗalibai wajen 1,500, makarantar kuma yanzu jami'a ce. Aka binne shi kusa da ɗakin sujada, a kabarin da ɗalibansa suka gina da tubalin da suka ƙona da hannunsu.