Djibo Bakary: Ɗan makarantar Tahoua da jam'iyyarsa ta talakawa ta kara da masu ƙarfi

A duk lokacin da aka tayar da muhawara kan man Agadem ko yuraniyom na Arlit, da kuma waɗanda ke cin moriyarsu, sunan Djibo Bakary yakan dawo bakin 'yan Nijar. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya jagoranci gwamnati, kuma na farko da ya rasa kujerarsa bayan ya yi jayayya da Faransa.

An haife shi a shekarar 1922 a Soudouré kusa da Yamai, garin da aka haifi ɗan'uwansa Diori Hamani. Yana yaro aka kai shi Tahoua, inda ya shiga makarantar boko. Zaman Adar ne ya ba shi Hausar da daga baya ya riƙa yi wa jama'a jawabi da ita. Ya ci gaba da karatu a makarantar William Ponty da ke Senegal, sannan ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

A wancan zamani gyaɗa ce arzikin Nijar, kuma manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ne ke riƙe da cinikinta. Su ke sayen amfanin manomi, su ke sayar masa da yadi da sukari. Wannan tsari ne Bakary ya tashi yana suka.

Ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN, wadda aka kafa a 1946. Da uwar jam'iyyar, wato RDA, ta raba gari da 'yan gurguzun Faransa ta nemi sulhu da gwamnatin mulkin mallaka, sai Bakary ya ƙi bi. Ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, kalmar da 'yan NEPU su ma ke amfani da ita a Kano. Ƙarfinta yana wajen direbobi, leburori, teloli, masu gini da ƙananan 'yan kasuwa.

Sai dai ƙuri'un karkara suna hannun sarakuna. Don haka a 1956 Bakary ya haɗe da jam'iyyar BNA mai goyon bayan masu sarauta. Haɗakar ta yi masa rana: ya zama magajin garin Yamai na farko, sannan a watan Mayun 1957 ya jagoranci gwamnatin cikin gida.

A daidai lokacin darajar hamada ta sauya a idon Faransa. An gano man fetur a Hassi Messaoud na Aljeriya a 1956. A Janairun 1957 Faransa ta kafa hukumar OCRS domin kula da yankunan Sahara, ciki har da arewacin Nijar, kuma a shekarar aka ga alamun yuraniyom a yankin Agadas. Ƙasar da a da ake yi wa kallon rairayi ta zama abin da ba za a saka cikin sauƙi ba.

Da Janar de Gaulle ya kira zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, Bakary ya nemi a kaɗa ƙuri'ar a'a, wato 'yanci kai tsaye, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani. Hukuma ta sa motocinta da kuɗinta da jami'anta a ɓangaren masu cewa e, an baza sojoji a karkara, manyan sarakunan da ke tare da Bakary kuma suka juya masa baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu e kusan kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 ba. A watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi, a Disamba Diori ya karɓi ragama.

An haramta Sawaba a 1959, Bakary ya yi gudun hijira zuwa Mali, Ghana da Gini. A 1964 'yan jam'iyyar suka ɗauki makami suka shigo ta kan iyakoki, amma yunƙurin ya wargaje. An kashe wasu, an ɗaure ɗaruruwa, kuma talakawan da aka kafa jam'iyyar dominsu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Har yau wannan mataki na cikin abubuwan da masu sukarsa ke kafa hujja da su.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, amma a 1975 aka kama shi, ya shafe shekaru a tsare. Da aka dawo da siyasar jam'iyyu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998.

Bai ga matatar man Damagaram da aka buɗe a 2011 ba, balle bututun da ke kai ɗanyen man Agadem gaɓar teku a Benin. Amma tambayar da ta kayar da gwamnatinsa tana nan ga matasan Tahoua da Tebaram da 'yan'uwansu da ke ci-rani: idan arzikin ƙasa ya shiga siyasa, muryar wa ake ji, ta mai ƙuri'a ko ta mai kuɗi?