Malam Abdullahi na Gwandu: Mutumin da Ya Bi Hujja

'Yan uwa, duk wanda ya ziyarci Gwandu ya san hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. An haife shi wajajen 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu, kuma a gabansa ya fara karatu. A wurinsa ya karanta littattafan tauhidi na Imam Sanusi, waɗanda suka kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba zai iya kore shi ba, mustahili, wanda ba zai taɓa yiwuwa ba, sai ja'izi, wanda hankali shi kaɗai ba ya iya tabbatar da shi ko kore shi, sai an samu dalili daga waje. Daga baya ya karanta usulul fiƙhu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Wannan tarbiyya ta neman dalili ita ta bi shi har fagen jihadi. Yana cikin jagororin Tabkin Kwatto a 1804, ya ci Birnin Kabi a 1805. Amma da ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga jama'a, nasarar yaƙi ba ta zame masa hujjar cewa komai daidai yake ba. Sai ya bar rundunar da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a. Ya dawo, aka ba shi yammacin daula a 1812, ya rubuta tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, ya rasu a Gwandu a 1829.

Shekara 102 bayan rasuwarsa, a 1931, Kurt Gödel ya nuna cewa duk tsarin ƙa'idojin lissafi da ya ƙunshi ƙidaya, matuƙar ba ya karo da kansa, akwai jimlolin da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. A 1936 Alan Turing ya nuna akwai tambayoyin da babu kwamfutar da za ta iya warware su duka. Ɗaliban kwamfuta a jami'ar tarayya da ke Kalgo, ku lura: fanninku daban ne da na Malam, amma ladabin iri ɗaya ne. Ka san abin da hujjarka ta kai gare shi, ka tsaya a nan.

To kai fa ɗan uwa, kafin ka yanke wa wani hukunci a Facebook, ina dalilinka?

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya amfanar da mu da iliminsa.