Arnold Gesell, Likitan Da Ya Bi Sawun Hannun Yara

Cikin masanan da a ke ambata mana a darasin halin yara, babu wanda labarinsa ya shiga raina kamar Arnold Gesell, gama shi ma ta makarantar horon malamai ya bi, kamar yadda mu ke bi a nan Kafanchan. Don haka na ga ya kamata in ɗan gutsura wa 'yan'uwa tarihinsa.

An haife shi ran 21 ga Yuni, 1880, a wani ƙaramin gari wai shi Alma, cikin jihar Wisconsin ta Amurka. Ubansa mai ɗaukar hoto ne, uwarsa kuwa malama, shi ne kuma babba cikin 'ya'yansu biyar. Ya koyi aikin malanta a Stevens Point, ya koyar, har ya shugabanci makaranta. Sa'an nan ya tafi Jami'ar Clark, ya sami digirin dokta kan ilmin halin ɗan Adam cikin 1906. Cikin 1911 ya buɗe wurin duba yara a Jami'ar Yale da ke New Haven. Don ya ƙara sanin jikin yaro, sai ya shiga koyon aikin likita yana malami, ya gama cikin 1915.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: jajayen katakai masu tsawon inci ɗaya ta kowace fuska, da ƙararrawa, da 'yar ƙwaya kamar ta magani, da fensir da takarda. Ya gina wani ɗaki mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wanda na waje ke hangen jariri, jaririn kuwa ba ya ganinsa, ana ɗaukar motsinsa a silima. Da haka ya gane gwanintar hannu takan sauko ne daki-daki, daga kafaɗa zuwa yatsu. Wajen mako 28 jariri kan damƙe katako da tafin hannu, ƙwaya kuwa sai dai ya yaƙuto ta. Wajen mako 40 ya kan fara tsinto ta da babban yatsa da manuniya. A wata 18 ya kan ɗora katako uku bisa juna, a shekara 2 shida ko bakwai. A shekara 3 ya kan kwaikwayi zanen da'ira, a 4 gicciye, a 5 mai kusurwa uku. Cikin 1925 ya fara buga irin wannan jadawali.

Cikin 1929 shi da Helen Thompson suka ba da labarin wasu tagwaye mata. An yi mako shida ana koya wa ɗaya hawan matakala da wasa da katakai, tun tana mako 46. Ɗayar aka ƙyale ta sai mako 53, aka koya mata hawan mako biyu rak, sai ga ta ta kamo 'yar'uwarta. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa.

Amma fa galibin yaran da ya auna 'ya'yan Turawan New Haven ne masu rufin asiri, masana na baya kuma sun nuna sabo da wasa suna da hannu fiye da yadda ya ɗauka. Shi kansa ya ja kunne cewa shekarun nan tsaka-tsaki ne, kowane yaro da saurinsa. Ya bar aikin Yale cikin 1948, ya rasu a New Haven ran 29 ga Mayu, 1961.

To, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi, za mu tarar da yaron da ya ƙware wajen ɓarar gyaɗa da tsince tsakuwa daga acca, amma bai taɓa riƙe fensir ba. In muka dake shi don rubutunsa ya karkace, mun sa ya ƙi makaranta a banza. Shawarata ita ce kowannenmu ya ajiye ɗan littafi, kowane wata ya rubuta yadda yaro ke riƙe alli, da sa maɓalli, da shirya duwatsun wuya a zare, da ginin laka. A gwada yaro da kansa na watan jiya. Wanda kuwa aka ga watanni sun shuɗe bai ci gaba ba, ko kuwa hannu ɗaya ya ƙi aiki, a shawarci iyayensa su kai shi ga likita tun da wuri.