Haji Halifa: Malamin Da Ya Ɗora Rigimar Gahawa Bisa Ma'auni

 Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali ya san ɗan finjalin nan na gahawa da mutanen Makka da Madina kan miƙa wa baƙo tare da dabino. Ana karɓa a sha, ba mai tambayar halal ce ko haram. Amma akwai zamanin da aka yi ta fatawowi a kanta, aka rufe gidajen shanta. A wannan mako za mu kawo tarihin wani malami wanda ya ga rigimar da idonsa, ya kuma bar mana darasi a kanta.

Sunansa Mustafa ɗan Abdullahi. Turkawa suna kiransa Katib Celebi, Larabawa kuwa sun fi saninsa da Haji Halifa. An haife shi a Istambul, babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkawa, a shekarar 1609, watau 1017 ta Hijira. Mahaifinsa barde ne, kuma ma'aikacin baitulmali. Yana da shekara 14 aka sa shi koyon aikin magatakarda a ofishin lissafin kuɗi, daga nan ya riƙa bin rundunonin daula yana riƙe musu da takardu. Ya halarci zaman da aka yi wa Bagadaza a 1625 zuwa 1626, inda rundunar ta sha yunwa ta koma ba nasara, mahaifinsa kuma ya rasu a Mausil a kan hanyar dawowa.

Wajen 1633 runduna ta yi zaman hunturu a Halab ta ƙasar Sham. Nan ya shiga zagaya shagunan masu sayar da littattafai, yana rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa. Daga can ya wuce ya yi aikin Hajji. Da ya komo gida a 1635 sai ya duƙufa ga karatu, gadon da ya samu kuwa ya kashe mai yawa daga cikinsa wajen sayen littattafai. A 1648 aka ba shi muƙamin halifa na biyu a ofishinsu, watau mataimakin shugaba. Hajjin nan da muƙamin nan su suka haɗu suka zama laƙabinsa.

Abin da ya fara a kasuwar Halab shi ya zama Kashfuz Zununi, littafin da ya rubuta da Larabci, ya jera sunayen littattafai wajen 14,500 bisa tsarin baƙaƙe, a fannonin ilmi kimanin 300. Har yau ɗalibin da ya tsinci tsohon littafi bai san mai shi ba, can yakan fara dubawa. Ya kuma yi rubutu a kan tarihi, da labarin ƙasa, da yaƙoƙin teku.

To, ina gahawa ta shigo? Asalin itacenta tsaunukan Habasha ne, amma a Yaman aka fara sanin shanta cikin ƙarni na 15, inda Sufaye suka riƙa sha don ta hana su barci wajen zikirin dare. Daga nan ta kai Makka da Alƙahira. Kalmar kanta, a tsohon Larabci, tana cikin sunayen giya, wannan kuwa bai taimake ta ba. A 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai aka hana ta, ko da yake hanin bai daɗe ba. Kowace ƙasa kuma da irin hannunta. Mutanen Hijaz da Najadu sukan soya 'ya'yan sama-sama su haɗa da kayan ƙamshi. Mutanen Sudan sukan dafa tasu da citta cikin ɗan tulun nan da suke kira jabana. Turkawa kuwa sukan soya ta ta yi duhu, su niƙa ta lukui, su dafa ba tacewa.

A littafinsa na ƙarshe, Mizanul Haƙƙi, wanda ya rubuta da Turkanci a 1656, Haji Halifa ya ba da labarin yadda aka yi a ƙasarsu. Ya ce gahawa ta iso ta jirgin ruwa wajen 1543, aka tarbe ta da fatawa. Hujjar masu hani biyu ce. Ta farko, ana soya ta har ta ƙone. Ta biyu, ana zagayawa da finjali daga hannu zuwa hannu kamar yadda mashaya ke yi. Ya kawo labarin da ake bayarwa cewa Shaihul Islam Abus Su'udi, mai tafsirin nan sananne, ya sa an huda jiragen da suka kawo ta, kayan suka nutse. Duk da haka mutane ba su daina ba. Wajen 1555 aka buɗe gidajen gahawa a Istambul, kusan ƙarshen ƙarnin kuma Shaihul Islam Bustanzada ya ba da fatawar halaccinta.

Rigimar ta sake tashi a zamanin shi Haji Halifa. Wani mai wa'azi, Ƙadizada Muhammadu, wanda shi kansa ya zauna a majalisinsa yana saurayi, ya ɗaura yaƙi da duk abin da ya ɗauka bidi'a, yana jayayya da shehunan ɗariƙu. A 1633, bayan wata babbar gobara, Sarki Muradu na Huɗu ya rufe gidajen gahawa na birnin, ya hana shan taba, har aka kashe mutane da yawa a kan tabar. Ƙadizada ya rasu a 1635, amma mabiyansa suka ci gaba da tada ƙura, sai da Waziri Muhammadu Koprulu ya kore manyansu zuwa tsibirin Ƙubrus a 1656.

Cikin wannan hayaniya ya ɗauki mas'aloli 21 da ake faɗa a kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Game da gahawa, bai kare gidajen shanta ido rufe ba. Ya faɗi yadda masu ba da hikayoyi da mawaƙa suka shagaltar da jama'a a cikinsu, har wasu suka yi sakaci da sana'arsu. Sa'an nan ya dubi ita kanta gahawar bisa ilmin likitancin zamaninsa, ya ce tana amfanin wani jiki tana cutar wani, kuma yawanta kan jawo rashin barci. Watau ya raba abin sha da wurin shansa, kowanne da hukuncinsa. Abin da ya fi nanatawa cikin littafin shi ne, al'adar da ta riga ta kama jikin jama'a ba a tumɓuke ta da takobi. Aikin mai wa'azi ya bayyana gaskiya da lallashi, don tsanani ba ya haifar da kome sai taurin kai da gaba.

Tarihi ya gaskata shi. Hanin ya shuɗe, gahawa ta zauna, har ta ratsa duniya ta tashar Mukha ta Yaman. Waɗanda aka kashe kuwa ba su dawo ba.

Masu tarihinsa sun ce ajali ya riske shi farat ɗaya a watan Oktoba na 1657, yana cikin shan gahawa, yana da shekara 48. Ya kamata duk mai hawa mumbari, kafin ya ce abu kaza haram ne, ya tsaya ya bincika ko aibin yana cikin abin ne ko cikin yadda ake yinsa, ya kuma auna ko maganin da ya kawo bai fi cutar muni ba. Allah ya jiƙan Haji Halifa, ya ba mu ikon yin adalci ko ga wanda muka saɓa da shi, amin.