Trish Keenan, muryar Broadcast da ba ta taɓa ɗagawa ba

Jama'a, yau Birmingham ta Ingila za mu leƙa. A can aka haifi Trish Keenan ranar 28 ga Satumba 1968, a unguwar Winson Green. Ita da James Cargill suka kafa ƙungiyar Broadcast a 1995. Masu son fim, waƙarsu The Book Lovers tana cikin kundin waƙoƙin Austin Powers na 1997.

Abin da ya kama ni game da ita shi ne, kiɗan da ke bayanta kullum sauyawa yake, amma muryar tana nan yadda take, a sanyaye, ba ihu ba lanƙwasa, kamar mai yi wa yaro waƙar barci.

Albam ɗinsu na farko, The Noise Made by People, ya fito a 2000 daga kamfanin Warp. A lokacin ƙungiya ce cikakkiya, da mai jita da mai ganga da tsofaffin na'urorin sauti, kiɗan kuma kamar na finafinan shekarun 1960. Ku fara da Come On Let's Go, ta fi saurin shiga kunne. Haha Sound na 2003 ya ƙara cika, ganguna na ta rugugi, ƙararrawa ta ko'ina. Mutane da yawa shi suke ɗauka a matsayin gwaninta, ni dai ba na cikinsu.

Nawa shi ne Tender Buttons na 2005. Sauran 'yan ƙungiya duk sun watse, saura ita da Cargill kawai. Ba su nemi wani mai ganga ba, suka koma injin bugu da wani sauti mai ƙaiƙayi kamar rediyon da bai kama tasha ba. A daidai lokacin mahaifinta yana fama da ciwon daji. Wallahi idan ka saurari Tears in the Typing Pool, jita ce kusan kaɗai da muryarta, za ka ji nauyin da take ɗauke da shi ko da ba ka jin Turanci sosai. Sai na ga raguwar kayan kiɗan ta ƙara fito da ita fili.

A 2009 suka yi albam da The Focus Group, guntattakin sautuka masu ban tsoro. Wannan kam sai mai haƙuri.

Ƙarshen 2010 suka je wasa Ostiraliya, ta kamu da murar aladu, abin ya zama ciwon huhu. Ta rasu ranar 14 ga Janairu 2011 tana da shekara 42. Sun riga sun fara kiɗan fim ɗin Berberian Sound Studio na Peter Strickland, Cargill ya ƙarasa shi shi kaɗai, kundin ya fito a 2013. A 2024 kuma ya fitar da Spell Blanket, gwaje-gwajen waƙoƙin da ta ɗauka tsakanin 2006 da 2009.