Tarihin Sir William Hamilton, manomin da ya sauya tuƙin jirgin ruwa

An haifi Charles William Feilden Hamilton ne a ranar 26 ga watan Yulin 1899 a kusa da garin Fairlie na ƙasar New Zealand.

A shekarar 1921 ya sayi gonar kiwon tumaki ta Irishman Creek, inda ya kafa maƙera yana haɗa injinan aikin gona da na haƙar ƙasa.

Kogunan yankin dai ba su da zurfi, ga tsakuwa, tamkar yadda rafukan yankin Dambatta da ke arewacin Kano kan ja baya idan rani ya yi. Farfela da allon juya akala da ke ƙarƙashin jirgi kan daki duwatsu su lalace.

A shekarar 1954 ne Hamilton ya warware wannan matsala. Jirginsa kan zuƙi ruwa ta ƙasa, famfo ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya, sama da fuskar ruwa, wanda hakan ke ingiza jirgin gaba.

Bututun ne ya maye gurbin allon juya akala, domin duk inda aka karkata feshin, nan gaban jirgin ke juyawa.

Sai dai fasahar na da rauninta. Idan matuƙi ya rage wuta, feshin kan yi sanyi, akalar ta daina amsawa sosai, lamarin da kan jawo haɗari a wajen tsayawa a gaɓa.

Wasu masu jiragen kan ƙara ƙaramin allo a baya, kuma yakan taimaka wajen riƙe hanya a tafiyar sannu, amma yana rage damar ratsa ruwa marar zurfi, wadda ita ce manufar Hamilton tun farko.

A shekarar 1960 jiragensa suka hauro kogin Colorado ta Grand Canyon a Amurka, tafiyar da ɗansa Jon ya shiga. A 1977 kuma Sir Edmund Hillary ya yi amfani da su a kogin Ganges na Indiya.

An ba shi lambar girma ta Sir a 1974, kana ya rasu a ranar 30 ga watan Maris na 1978.