Oscar Hammerstein II

Oscar Greeley Clendenning Hammerstein II (an haife shi ranar 12 ga watan Yuli, 1895, ya mutu ranar 23 ga watan Agusta, 1960) marubucin waƙoƙi ne da wasannin kwaikwayo ɗan ƙasar Amurka. Ya shafe kusan shekara arba'in yana rubuta wasannin da ake haɗa labari da waƙa da rawa a cikinsu, waɗanda ake gabatarwa a dandamalin Broadway na birnin New York. An fi saninsa da aikin da ya yi tare da mai tsara kiɗa Richard Rodgers, inda suka fitar da Oklahoma!, da South Pacific, da The King and I, da Cinderella, da The Sound of Music. Ya lashe lambar yabo ta Oscar sau biyu. Batun launin fata ya yi ta fitowa a ayyukansa tun daga 1927, kuma bayan mutuwarsa wasansa na Cinderella ya zama ɗaya daga cikin misalan da ake yawan kawowa idan ana maganar sake shirya tsofaffin finafinan iyali da 'yan wasa masu launin fata daban-daban.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin New York, a gidan da harkar wasa ta zama gado. Kakansa, Oscar Hammerstein na farko, Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Jamus, ya yi arziki a sana'ar taba, sannan ya zuba dukiyar wajen gina gidajen wasa. Mahaifinsa William shi ne manajan gidan wasa na Victoria. Mahaifiyarsa Alice Nimmo 'yar asalin Birtaniya ce, kuma a kan addinin Kirista aka rene shi. Ta mutu a 1910, mahaifin kuma ya bi ta a 1914.

Mahaifinsa bai so ya shiga harkar wasa ba, don haka ya shiga Jami'ar Columbia a 1912, daga baya ya fara karatun lauya. A can ya riƙa rubutu yana kuma fitowa a wasan shekara-shekara na ɗalibai. A 1917 ya ajiye karatun, ya kama aiki a wurin baffansa Arthur Hammerstein, wanda furodusa ne. Wasansa na waƙa na farko, Always You, ya fito a 1920. Ya koyi sana'ar a hannun Otto Harbach, kuma tare suka rubuta Rose-Marie a 1924 da The Desert Song a 1926.

Show Boat

Aikin da ya fito da shi sosai shi ne Show Boat, wanda ya rubuta tare da mai kiɗa Jerome Kern daga littafin Edna Ferber. An fara nuna shi ranar 27 ga Disamba, 1927, a ƙarƙashin furodusa Florenz Ziegfeld. Labarin mutanen wani jirgin ruwa ne mai yawo da 'yan wasa a kogin Mississippi. A cikinsa akwai Julie, mawaƙiya mai jinin baƙar fata da ke rayuwa a matsayin farar fata, ta kuma auri Bature a lokacin da dokar jihar ta haramta irin wannan aure. Da asirinta ya tonu, sai aka kore su daga jirgin. A zamanin da wasannin Broadway suka fi karkata ga barkwanci da raye-rayen 'yan mata, kawo irin wannan magana dandamali abu ne da ba a saba gani ba, haka ma haɗa rukunin mawaƙa baƙaƙe da farare a wasa guda.

Sai dai wasan bai kuɓuta daga al'adar zamaninsa ba. Baƙin mawaƙi Jules Bledsoe ne ya fito a matsayin Joe, lebura a jirgin, amma matarsa Queenie wata Baturiya ce mai suna Tess Gardella ta shafa baƙi a fuska ta fito a madadinta. Waƙar buɗe wasan ta ƙunshi kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙen fata, wadda aka yi ta sauyawa a shirye-shiryen da suka biyo baya. Paul Robeson ya fito a matsayin Joe a Landan a 1928 da kuma fim ɗin 1936, kuma da shekaru suka ja ya riƙa canza wasu kalmomin waƙar kogin idan yana rera ta a taro, domin ta nuna turjiya maimakon haƙuri da ƙaddara. A fim ɗin 1951 Ava Gardner aka ba matsayin Julie, duk da cewa Lena Horne, wadda baƙar fata ce, ta nemi wannan matsayi.

Bayan Music in the Air na 1932, tauraruwarsa ta dusashe na kusan shekara goma. Ya gwada Hollywood bai ji daɗinta ba, wasanninsa kuma suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A wannan tsakanin ne, a 1936, ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan fim masu adawa da 'yan Nazi a Hollywood.

Carmen Jones

A 1943 ya fitar da wasanni biyu da suka dawo da sunansa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Carmen Jones, wanda ya ɗauko daga Carmen, wasan opera na Bafaranshe Georges Bizet na 1875. Ya bar kiɗan Bizet kusan yadda yake, ya rubuta sababbin kalmomi da Turanci, ya ɗauke labarin daga ƙasar Sifen ya kai shi kudancin Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Carmen ta tashi daga masana'antar taba ta koma mai aiki a masana'antar laimar saukar sojoji, mai wasa da bijimi kuma ya zama ɗan dambe. Dukkan 'yan wasan baƙaƙen fata ne. Da yake manyan gidajen opera ba sa ɗaukar baƙaƙe a lokacin (sai a 1955 Marian Anderson ta rera waƙa a Metropolitan Opera), an sha wahalar samun ƙwararru, har aka ɗauko da yawa daga wasu sana'o'i. An buɗe wasan ranar 2 ga Disamba, 1943, an kuma nuna shi fiye da sau 500.

Otto Preminger ya mayar da shi fim a 1954, da Dorothy Dandridge da Harry Belafonte da Pearl Bailey. Dandridge ta zama baƙar fata ta farko da aka saka cikin masu takarar Oscar na babbar jaruma, ko da yake Grace Kelly ce ta lashe. Abin lura shi ne muryar da ake ji tana waƙa a bakin Dandridge ba tata ba ce, ta Marilyn Horne ce, wata matashiyar Baturiya.

Sukar da ta fi daɗewa a kan wannan aiki ta shafi harshe. Hammerstein ya rubuta maganganun 'yan wasan da irin rubutun da ke kwaikwayon lafazin baƙaƙen Amurka, inda ake sauya haruffa a kalmomi don su yi kama da furucin. Turancin baƙaƙen Amurka kari ne mai nahawunsa da ƙa'idojinsa, amma abin da ke cikin wasan ya fi kama da yadda kunnen Bature ke jin karin, ana ɗaukar 'yan sautuka a bar tsarin jimla. James Baldwin ya yi wa fim ɗin kakkausar suka a wata maƙala da ke cikin littafinsa Notes of a Native Son na 1955, yana ganin baƙaƙen da aka nuna ba su da alaƙa da rayuwar baƙaƙen gaske.

Aiki tare da Richard Rodgers

Ɗaya wasan na 1943 shi ne Oklahoma!, aikinsa na farko da Rodgers a Broadway, wanda aka buɗe ranar 31 ga Maris, aka kuma nuna sau 2,212. A baya, da Kern, kiɗa ake fara tsarawa sannan a ɗora kalmomi. Da Rodgers suka juya tsarin: Hammerstein ya rubuta baitoci tukuna, Rodgers ya sa musu kiɗa. Wannan ya ba shi damar sa kowace waƙa ta fito daga bakin mai ita, ta kuma tura labarin gaba. Carousel ya biyo baya a 1945, sai Allegro a 1947.

South Pacific na 1949, daga gajerun labaran James Michener, shi ne inda ya fuskanci wariyar launin fata kai tsaye. Nellie, ma'aikaciyar jinya daga Little Rock a jihar Arkansas, ta ƙi auren Bafaranshen da take so da ta gano yana da 'ya'ya biyu da wata 'yar tsibirin. Wani hafsan soja kuma ya kasa auren yarinyar da yake ƙauna saboda tsoron abin da danginsa za su ce. Akwai gajeriyar waƙa a wasan da ke bayyana cewa ƙiyayyar wani jinsi koya wa yaro ake yi, ba da ita ake haihuwarsa ba. An ba su shawarar cire ta, suka ƙi. A 1953 wasu 'yan majalisar jihar Georgia suka yi tir da wasan suna danganta shi da farfagandar kwaminisanci. Wasan ya samu kyautar Pulitzer a 1950, kuma a shekarar Juanita Hall ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe kyautar Tony. Matsayin da ta fito a ciki, Bloody Mary, na 'yar Biyetnam ne.

Wannan ɗabi'a ta ba kowa matsayin ɗan Asiya ta ci gaba. A The King and I na 1951, Yul Brynner, haifaffen Rasha, shi ne sarkin Siyam, a fim ɗin 1956 kuma Rita Moreno 'yar Puerto Rico ta fito a matsayin Tuptim. Ƙasar Tailan ta hana nuna fim ɗin saboda yadda aka siffanta Sarki Mongkut. Flower Drum Song na 1958, kan Sinawa mazauna San Francisco, ya ba 'yan asalin Asiya manyan matsayi, irin su Miyoshi Umeki da Pat Suzuki, duk da cewa su biyun jinin Japan ne, Juanita Hall kuma ta sake fitowa, wannan karon a matsayin Basiniya. Daga baya marubuci David Henry Hwang ya sake rubuta labarin gaba ɗaya, ya bar waƙoƙin.

Iyali da mutuwa

Ya auri Myra Finn a 1917, suka haifi William da Alice, suka rabu a 1929. A shekarar ya auri Dorothy Blanchard 'yar Ostireliya, wadda ta haifa masa James. A gonarsa da ke Doylestown a jihar Pennsylvania ya yi yawancin rubuce-rubucensa, a can kuma ya koyar da wani yaron maƙwabta, Stephen Sondheim, wanda ya zama babban marubucin wasannin waƙa. Ya tallafa wa Welcome House, cibiyar da marubuciya Pearl Buck ta kafa a 1949 don nema wa yara ruwa-biyu masu jinin Asiya iyayen riƙo.

An gano yana da ciwon daji na ciki gab da buɗe The Sound of Music a watan Nuwamba 1959. Edelweiss ita ce waƙar ƙarshe da ya rubuta. Ya mutu a gonarsa yana da shekara 65, bai ga fim ɗin 1965 da Julie Andrews ta fito a ciki ba. Ranar 1 ga Satumba, 1960, an kashe fitilun dandalin Times Square na minti ɗaya don girmama shi.

Cinderella da sake shirya ayyukansa

Cinderella shi kaɗai ne suka rubuta musamman don talabijin. Tashar CBS ta nuna shi kai tsaye ranar 31 ga Maris, 1957, da Julie Andrews, kuma fiye da mutum miliyan 100 suka kalla. An sake shirya shi a 1965 da Lesley Ann Warren. A duka biyun manyan 'yan wasan fararen fata ne.

Shiri na uku, wanda kamfanin Disney ya yi wa tashar ABC, ya fito ranar 2 ga Nuwamba, 1997. Da farko Whitney Houston ce za ta zama Cinderella, amma da aikin ya ja lokaci sai ta zaɓi matashiyar mawaƙiya Brandy Norwood, ita kuma ta ɗauki matsayin aljanar da ke taimakon yarinyar. Yarima shi ne Paolo Montalban, ɗan asalin Filifin. Mahaifiyarsa sarauniya Whoopi Goldberg ce, baƙar fata, mahaifinsa sarki kuma Victor Garber, farar fata. Bernadette Peters ta fito a matsayin kishiyar uwa mai 'ya'ya mata biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa. Fim ɗin bai yi wani bayani kan yadda haka ta kasance ba, kuma kimanin mutum miliyan 60 suka kalle shi.

Wannan hanya ta sha bamban da ta Carmen Jones. A 1943 an ɗauke labarin dungurungum an kai shi unguwar baƙaƙe, aka sauya sunaye da sana'o'i da lafazi, kamar yadda aka yi daga baya a fim ɗin The Wiz na 1978. A 1997 masarautar ta zauna yadda take, mutanen cikinta ne kawai aka gauraya. Masu goyon baya suna cewa tatsuniyar da kabewa ke rikiɗa ta zama keken doki ba ta bukatar hujjar gadon jini, kuma yara baƙaƙe sun samu gimbiya mai kama da su. Masu suka kashi biyu ne. Wasu na ganin an taɓa hoton da suka saba da shi tun suna yara. Wasu kuma, ciki har da marubuta baƙaƙen fata, suna ganin rufe ido ga launi na iya zama hanyar kauce wa ba da kuɗi a shirya sababbin labaran baƙaƙe. Marubucin wasan kwaikwayo August Wilson ya riƙe irin wannan ra'ayi a wani jawabi da ya yi a 1996. Muhawarar ta sake tashi a kan Annie na 2014 da Quvenzhané Wallis, da The Little Mermaid na 2023 da Halle Bailey.

Sauran ayyukansa ma sun bi wannan sahu. Audra McDonald ta lashe Tony a 1994 da matsayin Carrie a Carousel, a 2013 kuma ta fito a matsayin shugabar mata masu zaman zuhudu a The Sound of Music da tashar NBC ta nuna kai tsaye. A 2014 Keke Palmer ta zama baƙar fata ta farko da ta fito a matsayin Cinderella a Broadway. An saka fim ɗin 1997 a manhajar Disney+ a watan Fabrairu 2021, a 2024 kuma Brandy da Montalban suka sake fitowa a matsayin Cinderella da mijinta a fim ɗin Descendants: The Rise of Red.